Wa Zai Kai Maganar Gaba?

Karatu: Ayyukan Manzanni 23:11-35

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa da ke Jiwa, da Gwagwa, da Dei-Dei, da Karmo, a gefen birnin Abuja, gama a kan zamanku ne za mu kafa misalinmu yau. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a buɗe Ayyukan Manzanni sura 23. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran daga aya 11 har ƙarshe. Maganar tana da nauyi, don haka muna roƙo maigida da uwargida su zauna tare su ji.

Bulus yana tsare a barikin sojan Roma a Urushalima. Da dare Ubangiji ya tsaya kusa da shi, ya ƙarfafa shi, ya tabbatar masa cewa zai kai Roma ya ba da shaida. Gari na wayewa sai mutum fiye da 40 suka haɗa baki, suka rantse ba ci ba sha sai sun ga bayan Bulus. Dabararsu ita ce a roƙi babban hafsan soja ya sauko da shi majalisa, kamar za a ƙara bincike, su kuwa su yi masa kwanto a hanya.

Amma wani saurayi ya ji. Ɗan 'yar'uwar Bulus ne. Luka bai rubuta sunansa ba. Ba shi da takobi, ba shi da muƙami, kunne kawai gare shi da ƙafa. Ya shiga bariki ya gaya wa kawunsa.

To, a nan ne muke so mu tsaya kaɗan. Daren jiya jiya Ubangiji da kansa ya yi wa Bulus alkawari. Da mu ne, wataƙila da mun ce wa yaron ya koma gida, Allah ya riga ya yi magana, ba abin da zai faru. Bulus bai yi haka ba. Ya kira wani jarumi, wato shugaban soja ɗari, ya roƙe shi ya kai saurayin wurin babban hafsan. Jarumin bai nuna masa ƙofa da yatsa ba, ya raka shi har ciki, ya bayyana wanda ya aiko shi. Babban hafsan, mai suna Kalaudiyas Lisiyas, ya kama hannun yaron, ya ja shi gefe, ya saurare shi a kaɗaice. Ya gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa. A daren nan, wajen ƙarfe tara, ya tashi soja 200, da mahaya dawaki 70, da masu mashi 200, ya rubuta wasiƙa zuwa ga gwamna Filikus, aka fita da Bulus zuwa Kaisariya. Mutum 470 saboda ran mutum ɗaya. Alkawarin Allah ya cika, amma ku duba hannu nawa ya bi ta ciki. Da ɗaya daga cikinsu ya ce ba ruwansa, da labarin ya tsaya a wurinsa.

Yanzu mu dawo gida. Jiwa tsohon gari ne mai sarkinsa, a cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja. Amma yawancinmu da muke sujada a wurin baƙi ne. Neman abinci ya kawo mu daga Filato, da kudancin Kaduna, da Nasarawa, da Binuwai, da Neja. Wani yana ɗaukar kaya a kasuwar katako ta Dei-Dei, wani yana gini a cikin birni, wata tana sayar da abinci a bakin hanya. A ƙauye, in miji ya ɗaga wa matarsa hannu, kafin rana ta faɗi yayyenta sun ji, kawunsa ya kira shi. A nan kuwa dangi suna nesa, kuɗin mota ya yi tsada. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci. Yana jin kome, amma yarenku ba ɗaya ba ne, sai ya ƙara muryar rediyo ya ce tsakanin miji da mata sai Allah.

Bari mu yi misali. Ba da wata muke ba, amma za ku gane ta. A ce wata 'yar'uwa tana zuwa wurin mai kemis sau biyu a wata tana sayen maganin ciwon jiki, tana cewa faɗuwa ta yi. Mai kemis ya sani ba faɗuwa ba ce. Malamar makaranta ta lura ɗanta yana barci a aji, yana firgita in an ɗaga murya. Mai unguwa ya taɓa sasanta su sau ɗaya. Ta taɓa zuwa ofishin 'yan sanda, aka ce maganar gida ce, su je su shirya. Shugabar zumuntar mata ta ga kumburi a ƙarƙashin ɗankwalinta ranar Lahadi. Baba fasto ya yi musu addu'a sau uku, ya ce ta ƙara haƙuri. Mutum shida ke nan. Kowa yana riƙe da guntun labari, kowa yana ganin nasa guntun bai kai a ta da hankali ba. Da za su zauna a benci ɗaya na minti goma su haɗa abin da suka sani, da dukansu sun tashi a guje. Amma ba su taɓa zama ba.

Wannan ba matsalar talakawa kaɗai ba ce, ba kuma ta ƙasarmu kaɗai ba. A Landan, babban birnin Ingila, wata yarinya 'yar Kwaddibuwa mai suna Victoria Climbié ta mutu a watan Fabrairu na shekara ta 2000, tana da shekara 8. Gwaggon mahaifinta ce ta ɗauke ta riƙo da sunan za ta sa ta a makaranta. Likita ya ƙirga rauni 128 a jikinta. Asibiti biyu sun taɓa kwantar da ita. 'Yan sanda sun san da ita, ma'aikatan jin daɗin jama'a sun san da ita. Binciken da Lord Laming ya shugabanta, wanda ya fito a 2003, ya nuna an sami dama aƙalla sau 12 da za a iya cetonta. Ma'aikata suna nan, kuɗi yana nan, amma kowa ya ɗauka wani ne ke bin maganar. Abin da ya fi sosa mana rai shi ne, an kai yarinyar nan majami'u, aka ce mugun ruhu ne ke damunta, aka yi addu'a. Sai a ranar ƙarshe wani fasto ya ce a kai ta asibiti. Washegari ta rasu.

Mu ma a Abuja muna da namu. Ranar 8 ga Afrilu 2022 Osinachi Nwachukwu ta rasu, mawaƙiyar bishara wadda muryarta ta shiga gidajenmu duka. Bayan rasuwarta ne 'yan'uwa da abokan waƙarta suka fito suna faɗin irin wuyar da ta sha a gidan aure. A watan Afrilu 2025 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta sami mijinta da laifi, ta yanke masa hukuncin kisa. 'Ya'yansu sun rasa uwa, uba kuma yana kurkuku. Ba mu kawo wannan don mu nuna wa kowa yatsa ba. Mace babba tana iya ƙin taimako, tana iya roƙon a rufa mata asiri, wanda ya taɓa ƙoƙari ya san wuyar abin. Amma shaidun da suka yi magana a gaban alƙali bayan ta mutu, maganar tana bakinsu tun tana da rai.

Babban binciken lafiya da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya gano cewa a cikin matan da suka taɓa aure, kashi 36 cikin 100 sun sha duka, ko tilas, ko wulaƙanci daga hannun miji. A cikin matan da aka ci zarafinsu, fiye da rabi ba su nemi taimako ba, ba su ma gaya wa kowa ba. Waɗanda suka nema, yawancinsu wurin danginsu suka je. Ku ƙirga matan da ke zaune a majami'arku ranar Lahadi, ku yi lissafin da kanku.

Wani zai ce, ai Bulus ya hana masu bi kai juna ƙara a 1 Korantiyawa sura 6. Gaskiya ne ya tsawata musu a kan jan juna gaban alƙalai saboda ƙananan al'amuran zaman duniya da ikilisiya za ta iya warwarewa. Amma karya haƙarƙarin mace ba rigimar bashi ba ce. Bulus ɗin nan ne ya koya wa Romawa a sura 13 cewa mai mulki ma'aikacin Allah ne domin hukunta mai mugunta. Shi ne kuma ya kira jarumi, daga baya ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Wani kuma zai tuna mana da Malakai sura 2, cewa Allah ba ya jin daɗin kisan aure. Haka ne. Amma a karanta wurin duka, za a ga da maza ake, masu cin amanar matan ƙuruciyarsu. Macen da ta kwana a gidan wata don kada a kashe ta, ba ita ta kashe aure ba. Muna faɗin wannan da kunya, domin mu masu wa'azi mun daɗe muna karanta wa mata ayar biyayya da babbar murya, in mun iso Kolosiyawa 3:19, inda aka hana maza tsananta wa matansu, sai mu yi sauri mu wuce.

To, mene ne hukuma ta tanada? Yawancinmu ba mu sani ba, rashin sanin nan kuwa yana kashe mutane. A watan Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. An yi ta ne musamman domin Birnin Tarayya, wato Jiwa tana ciki tun ranar farko, jihohi kuwa sai daga baya suka riƙa karɓarta ɗaya ɗaya. Kafin nan akwai wani sashe na 55 a tsohuwar dokar laifuffuka ta Arewa da ke ba miji damar horon matarsa bisa ga al'ada, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Har yau za ka ji wani yana fahariya da shi. Dokar 2015 ta ce dukan miji ko mata laifi ne, hukuncinsa yana iya kai ɗaurin shekara 3, ko tarar naira 200,000, ko duka biyu. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi ne. Yasar da iyali ba abinci laifi ne. Azabtar da gwauruwa da sunan al'ada laifi ne. Ku lura ba mata kaɗai dokar ta tsare ba. Akwai mazan da ake duka suna jin kunyar faɗa, akwai tsofaffi, akwai kuma 'yan yaran da muke ɗaukowa daga ƙauye su yi mana aiki.

Amma abin da ya kawo mu ga dokar nan yau shi ne, ba ta ɗora kayan a kan mutum ɗaya ba. Ta ba hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, aikin kula da dokar tare da sauran masu ruwa da tsaki, har da ƙungiyoyin addini. Ta ce aikin ɗan sanda ne ya taimaki wanda aka cuta ya shigar da ƙara, ya nema masa hanyar zuwa asibiti ko wurin fakewa, ya bayyana masa haƙƙinsa, ya raka shi gida ya kwashe kayansa. Saboda haka in an ce miki maganar gida ce, ba abin da doka ta faɗa ke nan ba. Kotu kuma tana iya ba da umarnin kariya, ta hana mai dukan kusantar gida ko wurin aikin wanda ya cuta, in ya karya umarnin a kama shi. Ba lalle sai matar da kanta za ta nema ba. Ma'aikacin lafiya, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, ko wani da ya damu da lafiyarta, yana iya nema a madadinta in ta yarda a rubuce. In ƙaramin yaro ne, ko wanda ya suma, ba a jiran wannan yarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ƙin duba mai neman taimakon gaggawa. In kuɗin lauya ne babu, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukansu suna da ofis a Abuja. Lambar gaggawa ta ƙasa kuwa 112 ce.

Ƙofofi suna da yawa ke nan. Wahalar ita ce hanyar da ke tsakanin wannan ƙofa da waccan. Mace mai ciwo a jiki, da goyo a baya, ba kuɗin keke, ba ta jin Turanci sosai, a ce mata ta tashi daga Jiwa ta je asibiti a Kubwa, daga nan ta dawo wurin 'yan sanda, daga nan ta shiga birni ta nemi wani ofis. A kowace ƙofa sai ta sake tone asirinta daga farko a gaban baƙin fuska. A ƙofa ta biyu ko ta uku takan gaji, ta koma ɗakin da ta fito. Mai dukan kuwa yanzu ya san ta kai ƙararsa.

A nan ne aikin jarumin nan ya zama namu. Ikilisiya ba asibiti ba ce, fasto ba alƙali ba ne, dattawa ba su da ikon kama kowa. Amma muna da abin da ofisoshin nan ba su da shi. Muna kwana a unguwa ɗaya da ita. Muna jin yarenta. Mata biyu daga zumunta za su iya raka ta, ɗaya ta riƙe jariri, ɗaya ta yi mata tafinta. In mace ta shiga ofis ita kaɗai da yagaggen zane, ana iya cewa ta dawo gobe. In ta shiga da uwargidan fasto da dattijon ikilisiya a bayanta, sai a jawo mata kujera. Bai kamata ya zama haka ba, amma haka yake.

Mu koyi kuma da Lisiyas wajen riƙe asiri. Ya ja yaron gefe, ya hana shi yaɗa maganar, domin ya san in ta fita masu kwanto za su sake dabara. Mu kuwa sau da yawa sai mu mai da kukan 'yar'uwa abin addu'a a gaban taro, kafin yamma ya kai kunnen mijin. Ko kuma mu kira su biyu mu zaunar a gabanmu, mu ce ta faɗi laifinsa yana ji. Me za ta faɗa, alhali tare za su koma gida? A ji ta ita kaɗai tukuna, wata mace tana wurin. A tambaye ta abin da take so a yi, kada a yanke mata shawara a bayan idonta, gama ita ta fi kowa sanin halin mutumin. Masu aikin nan sun daɗe da lura cewa lokacin da mace take shirin fita, ko ta fita ke nan, yana cikin lokatai mafi hatsari. In ya taɓa shaƙe ta, ko ya ɗauki wuƙa, ko ya ce zai kashe ta, wannan ya wuce zaman sulhu. A fitar da ita da yara a daren nan, sauran magana ta biyo baya.

Sa'an nan wasiƙa. Lisiyas bai tura Bulus hannu wofi ba, ya rubuta wane ne shi, da abin da ya faru, da abin da ya gano. In kun karanta da kyau za ku yi murmushi, domin ya ɗan gyara labarin don ya wanke kansa, bai ambaci cewa shi ne ya sa a ɗaure Bulus don a yi masa bulala ba. Ma'aikacin gwamnati ne kamar na kowane zamani, ba mala'ika ba, duk da haka Allah ya yi aiki da takardarsa. A roƙi likita ya rubuta abin da ya gani a jikinta. A riƙe ranar da abin ya faru, da sunan jami'in da ya karɓi ƙarar. A ajiye takardun a hannun wata amintacciya, ba a ɗakin da mijin zai gani ba.

Shawararmu ga dattawan kowace ikilisiya a Jiwa da kewaye ita ce kada a jira sai jini ya zuba kafin a san juna. A cikin watan nan ku je ku gai da shugaban 'yan sandan yankinku, ku tambayi wanda ke kula da al'amuran mata da yara. Ku san ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwa. Ku zauna da mai unguwa, ku kai gaisuwa fadar Sarkin Jiwa, ku yi magana da limamin da ke kusa, domin kukan da ke fitowa ta bango ba ya tambayar addinin maƙwabci. Ku ware gida ɗaya ko biyu inda mace za ta iya kwana uku ba wanda ya sani, da ɗan kuɗi a baitulmali don mota da katin asibiti.

Kai kuma ɗan'uwa da kake ji, hannunka ya saba da jikin matarka, ba mu yashe ka ba. Amma kada ka ce Shaiɗan ne, ko giya, ko bakinta. Maigidanka a wurin aiki yana ɓata maka rai, ba ka taɓa marinsa ba. Kuka a gaban dattawa ba shi ne tuba ba, ta ga irinsa sau goma. Ka karɓi horon ikilisiya, ka sauka daga muƙami in kana da shi, ka amsa kiran hukuma, ka bar ta ta zauna inda hankalinta ya kwanta har a ga canji na watanni. Dattawa kuma kada ku je ofishin 'yan sanda ku roƙa a kashe magana don kare sunan ikilisiya.

A aya 31 da 32, sojan ƙasa sun raka Bulus har Antibatiris suka juyo, mahaya dawakin suka ci gaba. Ba su tsaya ba sai da suka damƙa wasiƙar a hannun gwamna, suka tsai da Bulus a gabansa. Da ma a ce daga nan kome ya tafi daidai. Filikus ya riƙe shi shekara biyu, yana kiransa a kai a kai yana sa rai za a ba shi toshiya. Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga sura 24, mu ga abin da masu bi za su yi in sun kai magana inda ya kamata, amma ta kwanta a kan tebur. Ku karanta surar kafin lokacin. Ubangiji ya tsare ku da gidajenku.